Dalilan da ke hana ma'aikata shiga kwamfutocin ofis bayan sauya manhajar Windows, da yadda ake gano bakin zaren

Tun daga ranar 14 ga Oktoban 2025, lokacin da kamfanin Microsoft ya daina bai wa manhajar Windows 10 gyare-gyaren tsaro kyauta, ma'aikatu da kamfanoni a sassan duniya suka ƙara ƙaimi wajen mayar da kwamfutocinsu kan Windows 11. Aikin sauyin kansa ba ya cin lokaci mai yawa. Abin da ke cin rai shi ne washegari, sa'ad da ma'aikaci zai zauna a teburinsa, ya rubuta sunansa da kalmar sirrin da ya daɗe yana amfani da ita, kwamfutar ta nuna ba ta san zancen ba.

A ofishin da ke tsakiyar birnin Abuja, wannan matsala ce ta ɗan lokaci, domin jami'in kula da kwamfutoci yana cikin ginin. A gari irin Abaji kuwa, wanda ke ƙarshen kudancin Birnin Tarayya a kan hanyar zuwa Lokoja, reshen ma'aikatar da injiniyanta ke zaune a cikin birni zai iya wuni cur ba a taɓa aiki ba, ana jiran mutumin da sai ya ratso Gwagwalada da Kwali kafin ya iso. Mai jiran takarda da ya taso tun safe daga Yaba ko Gawu ko Pandagi zai koma gida hannu rabbana, a ce masa "netwok babu", alhali sau da yawa intanet lafiyarsa ƙalau.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, a mafi yawan lokuta kalmar sirri ba ta da laifi. Sabuwar manhajar ce ta daina kau da kai ga wasu kurakuran da tsohuwar ta daɗe tana haƙuri da su, ko kuma aikin sauyin ya goge wani abu da kwamfutar ke dogaro da shi ba tare da kowa ya sani ba.

Wa ke buɗe ƙofar?

A kwamfutar gida, na'urar ce da kanta ke riƙe da sunan mai ita da kalmar sirrinsa. A ma'aikata mai mutane da yawa, ana tattara sunayen kowa a babbar kwamfuta guda, wadda ake kira saba. Ita ce ke tantance wanda zai shiga, da irin fayilolin da zai iya buɗewa, kuma a nan ake rufe asusun wanda ya yi ritaya ko aka sauya wa wurin aiki. Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne Active Directory, wanda Microsoft ya fito da shi tare da Windows 2000.

Hanyar tantancewar da wannan tsari ke bi sunanta Kerberos. An ƙirƙiro ta ne a jami'ar MIT ta Amurka a shekarun 1980, aka sa mata sunan wani kare mai kai uku da ke gadin ƙofa a tatsuniyoyin Girkawa, saboda ɓangarori uku ne a cikin cinikin: mai neman shiga, da abin da yake son isa gare shi, da sabar da ke tsaya wa kowa shaida. Ma'aikaci ba ya aika kalmar sirrinsa tsirara ta cikin waya. Kwamfutarsa tana aika wata hujja da aka kulle da kalmar, sabar ta buɗe ta gani, sannan ta yanka masa tikiti mai ɗauke da lokaci. Da wannan tikitin yake shiga ma'ajiyar fayiloli da na'urar buga takardu da sauransu, ba tare da an sake tambayarsa ba.

Kafin a yanka tikitin nan, sai kwamfutar ta san inda sabar take, agogonsu ya zo ɗaya, sabar ta gane kwamfutar a matsayin 'yar gida, sannan su yi daidai a kan irin makullin da za su kulle saƙonsu da shi. Sauyin manhaja na iya taɓa kowanne daga cikin waɗannan.

Mutum ɗaya ne, ko kowa da kowa?

Tambayar farko da ƙwararru ke yi ba ta buƙatar ilimin injiniya. A sa wanda ya kasa shiga ya gwada a wata kwamfutar da ba a taɓa ba, a kuma sa abokin aikinsa ya gwada a tasa. Idan mutumin ya kasa shiga ko'ina, matsalar a asusunsa take. Idan kowa ya kasa shiga kwamfuta ɗaya, ita ce marar lafiyar. Idan kuwa ofis gaba ɗaya ya tsaya cak, to a bar taɓa kwamfutocin ma'aikata, a koma kan sabar da hanyar da ke kaiwa gare ta.

Akwai wani ƙaramin abu da ke yaudarar mutane ƙwarai. Kwamfutocin hannu da ake sayarwa a kasuwannin Najeriya, daga Computer Village ta Ikeja zuwa Banex Plaza ta Abuja, wasu daga Ingila aka shigo da su, wasu daga Amurka, kuma tsarin allon rubutun ƙasashen biyu ya bambanta. Maɓallin da ke fitar da alamar @ a tsarin Amurka, alamar zance yake fitarwa a tsarin Ingila. Idan wanda ya ɗora sabuwar manhaja ya zaɓi tsarin da ba shi ne na da ba, mai kalmar sirri da ke ɗauke da irin wannan alama zai yi ta danna maɓallin da ya saba, wani abu dabam yana fita, ga shi haruffan a ɓoye suke. Danna alamar ido da ke gefen gurbin kalmar sirri kan warware wannan nan take. Haɗarin shi ne, ma'aikatu da yawa sun tsara sabarsu ta kulle asusu bayan an yi kuskure sau wasu adadi, don haka mai ta maimaita gwaji yana ƙara wa kansa matsala ta biyu a kan ta farko.

Agogo

Wannan shi ne dalilin da aka fi rainawa, kuma a yanayin Najeriya yana cikin waɗanda ya kamata a fara dubawa. A ƙa'idar da Kerberos ke zuwa da ita, idan saɓanin agogon kwamfuta da na sabar ya wuce minti 5, ana ƙin karɓar hujjar da ta aiko. Hikimar hakan ita ce hana mai kutse ya kwafi saƙon wani ya sake aikawa daga baya.

Hanyoyi biyu ne agogo kan kauce. Ta farko, a cikin kowace kwamfutar tebur akwai ɗan ƙaramin batir mai kama da kwabo, galibi samfurin CR2032, wanda ke riƙe lokaci idan an kashe na'urar. A tsofaffin kwamfutoci batirin nan kan mutu, kuma a wurin da ake yawan ɗauke wuta ana komawa janareta, duk ɗaukewa ɗaya na iya mayar da kwanan wata baya da shekaru. Batirin ba shi da tsada, kuma canza shi aikin minti kaɗan ne.

Hanya ta biyu ta fi wuyar ganewa, domin agogon da ke kusurwar allo yana nuna lokaci daidai. Faifan Windows na Turancin Amurka yakan zo a saite kan lokacin yammacin Amurka. Mai gyara da ke sauri sai ya ga agogo ba daidai ba, ya juya shi da hannu zuwa ƙarfe tara na safe, ya bar shiyyar lokacin yadda take. Ido zai ga ƙarfe tara, amma sabar ba da wannan take lissafi ba. Tana mayar da komai ne kan agogon bai-ɗaya na duniya, wanda Najeriya ke gabansa da awa ɗaya, don haka a wurinta kwamfutar ta kauce da awa takwas ko tara, gwargwadon lokacin shekara. Maganin shi ne a zaɓi shiyyar Afirka ta Yamma ta Tsakiya, sannan a umarci kwamfutar ta karɓi lokaci daga sabar da umarnin w32tm /resync.

Hanyar zuwa sabar

Kwamfuta ba ta haddace adireshin sabar ba. Tana tambaya ne ta hanyar tsarin DNS, wanda ke aiki kamar littafin adireshi, kuma littafin cikin gida na ma'aikatar ne kaɗai ya san inda sabar tantancewa take. Ɗora manhaja daga tushe yakan goge saitin da aka rubuta da hannu. Daga nan sai kwamfutar ta karɓi duk abin da 'yar na'urar intanet ta ofis ta ba ta, ko kuma wani mai son taimako ya rubuta mata 8.8.8.8, adireshin Google, wai don intanet ya yi sauri. Shafukan intanet za su buɗe kuwa, amma Google bai san sabar wata ma'aikata ba. Saƙon da ke fitowa a irin wannan hali yana cewa ne babu wata saba da za ta amsa buƙatar shiga. Umarnin ipconfig /all yana nuna littafin adireshin da kwamfutar ke tambaya, nslookup kuma yana gwada ko littafin ya san sunan gidan.

A nan ne nisan wuri ke shigowa. Windows tana ajiye shaidar shiga ta mutanen da suka yi amfani da kwamfuta a baya-bayan nan, har guda 10 a saitinta na asali, domin su iya buɗe ta ko da ba ta ga sabar ba. Saboda haka kwamfutar reshe a Abaji, wadda sabarta ke hedikwata, za ta iya yin watanni ana shiga cikinta lami lafiya alhali hanyar da ta haɗa su ta daɗe da yankewa. Ranar da aka goge ta aka ɗora sabuwar manhaja, wannan ajiyar ta tafi, kuma shiga ta farko ba ta yiwuwa sai kwamfutar ta yi magana da sabar kai tsaye. Sai a ɗora laifin a kan Windows 11, nan kuwa asirin wata tsohuwar matsala kawai ta tona. Idan haɗin yana bi ta keɓaɓɓiyar hanyar VPN ce, dole a tsara ta yadda za ta haɗu tun kafin a shiga, in ba haka ba an kulle ɗaki an bar makulli a ciki.

Amana, da matsalar tagwaye

Ba mutane kaɗai ke da asusu a sabar ba. Kowace kwamfuta tana da nata, da kalmar sirrin da take sauyawa da kanta duk kwana 30. Idan aka dawo da kwamfuta daga tsohon kwafinta, ko aka sake mata manhaja aka ba ta sunan da wata ke amfani da shi, abin da ke hannunta sai ya saɓa da na sabar. Saƙon da ke bayyana sananne ne ga duk wanda ya yi aikin nan: amanar da ke tsakanin wannan kwamfuta da gidan ta karye. Jami'in da ke da asusun shugaba na cikin kwamfutar zai iya ɗinke ta da umarnin Test-ComputerSecureChannel -Repair, ko ya fitar da na'urar daga tsarin ya sake shigar da ita. Sai dai tun gyaran da Microsoft ya fitar a Oktoban 2022, ba kowa ke iya sake shigar da kwamfuta a kan tsohon asusunta ba, sai wanda ya ƙirƙiri asusun ko mai babban iko a tsarin.

Akwai kuma wata al'ada da ta zama ruwan dare a wurin masu gyara: a shirya kwamfuta ɗaya tsaf, a kwafi faifanta a zuba wa ashirin. Hanya ce mai sauƙi, kuma halas ce idan an bi ta da manhajar Sysprep, wadda ke goge lambar shaida ta musamman da ake kira SID domin kowace na'ura ta samu tata. Da yawa ba sa bi, kuma shekaru aka yi ba a ga illar hakan a fili ba. Microsoft ya sanar cewa daga gyare-gyaren da ya fitar ranar 29 ga Agustan 2025 zuwa gaba, kwamfutocin Windows 11 samfurin 24H2 da 25H2, da Windows Server 2025, suna ƙin tantance juna idan lambarsu iri ɗaya ce. Alamunta su ne a yi ta tambayar kalmar sirri ana cewa ba daidai ba ce, ma'ajiyar fayiloli ta ƙi buɗewa, shiga kwamfuta daga nesa ya gagara. Maganin dindindin da kamfanin ya bayar shi ne a sake gina kwamfutocin ta hanyar da ta dace. Cibiyoyin horarwa da ɗakunan jarrabawa, inda ake jera kwamfutoci iri ɗaya da yawa, su ya fi kamata su duba wannan.

Wani tarkon kuma na saye ne. Windows samfurin Home ba ta shiga tsarin Active Directory ko kaɗan, sai Pro ko Enterprise ko Education. Ofishin da ya sayo sababbin kwamfutoci masu rahusa ya tarar da Home a kansu, babu dabarar da za ta shigar da su sai an sayi lasisin da ya dace.

Abin da sabuwar manhaja ta daina lamunta

Daga samfurin 22H2 na shekarar 2022, Windows 11 Enterprise da Education suna kunna wata kariya mai suna Credential Guard da kansu a kwamfutocin da suka cika sharuɗɗa. Aikinta shi ne killace sirrin shiga daga masu kutse, amma tana hana kwamfuta miƙa kalmar sirri kai tsaye ga wayafai na ofis da ke amfani da tsohuwar hanyar MSCHAPv2. Sakamakon shi ne kwamfutar ba ta hau wayafai ba, don haka ba ta ga sabar ba, don haka ba a shiga. Sanya wayar sadarwa a jikinta hanya ce mai sauƙi ta gane ko nan matsalar take. Samfurin 24H2 na Oktoban 2024 ya ƙara tsanantawa: ya cire tsohuwar hanyar tantancewa ta NTLMv1, ya wajabta sa hannu a kan saƙonnin raba fayiloli, ya kuma rufe shigar baƙo marar kalmar sirri a samfurin Pro. Tsofaffin akwatunan adana fayiloli da aka saya shekaru goma da suka wuce su ne suka fi jin jiki.

Ba a kowane lokaci laifin ke wuyan ofis ba. Ranar 8 ga Nuwamban 2022, gyaran wata-wata da Microsoft ya fitar ya dagula tantancewar Kerberos a sabobi da dama a duniya. Ma'aikata suka kasa shiga, buga takardu ya tsaya, har sai da kamfanin ya fitar da gyaran gaggawa ranar 17 ga watan. Ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa: waɗanda abin ya fi shafa su ne ma'aikatun da suka riga suka tsaurara tsaro, suka saita asusunsu kan makullin zamani na AES. Darasin da jami'ai suka ɗauka daga nan shi ne, idan kowa ya kasa shiga a safiya guda, a fara tambayar abin da aka ɗora wa sabar a daren jiya, a kuma duba shafin da kamfanin ke wallafa matsalolin da ya amsa cewa ya sani.

Masu amfani da Linux, kamar wasu jami'o'i, ba su tsira ba. A can manhajar SSSD ce galibi ke haɗa kwamfuta da kundin sunaye na LDAP ko Active Directory. Ubuntu 20.04, alal misali, ta zo da tsofaffin hanyoyin kulle saƙo na TLS 1.0 da 1.1 a rufe, don haka tsohuwar sabar da ba ta iya komai sai su ta zama kurma a wurinta.

A duk waɗannan, intanet cike yake da shawarwarin yadda za a kashe sabuwar kariyar a koma yadda ake. Yana aiki, shi ya sa yake da haɗari. Tsohuwar hanyar raba fayiloli ta SMB1, wadda har yau wasu ke kunnawa don tsohuwar na'urar ɗaukar hoton takardu ta yi aiki, ita ce ƙofar da cutar WannaCry ta bi a watan Mayun 2017 ta durƙusar da kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, ciki har da asibitocin Ingila. Ofishin da ke riƙe da bayanan albashi ko na marasa lafiya yana ƙarƙashin Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, kuma kashe kariya don gudun sayen akwati ɗaya neman gira ne da zai iya jawo rasa ido. Idan ba makawa sai an sassauta, ya kasance a na'ura ɗaya, a rubuce, da ranar da za a mayar.

Kafin a taɓa, da bayan an taɓa

Mafi yawan wannan wahala ana kauce mata ne da abu ɗaya: a fara da kwamfuta biyu ko uku, ɗaya daga cikinsu ta reshe mai nisa, a bar su mako guda ana aiki da su kafin a taɓa sauran. A tabbatar kowace na'ura tana da asusun shugaba na cikin gida da ke aiki, wanda ake shiga ta hanyar rubuta ɗigo da karkatacciyar sanda kafin sunan, domin shi ne ƙofar baya ta halas idan sabar ta yi nisa. Tun Afrilun 2023 Windows na ɗauke da tsarin LAPS, mai bai wa kowace kwamfuta kalmar sirrin shugaba ta dabam ya kuma adana ta a tsakiya, ta yadda jami'i zai iya karanto wa reshe ita ta waya sannan ta sauya. Idan faifan a kulle yake da BitLocker, a nemo lambobinsa 48 na ceto a ajiye tun kafin a fara. Wanda ya ɗaga manhaja a kan tsohuwa ba tare da gogewa ba yana da kwana 10 da zai iya komawa baya.

Kwamfutocin da ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, kamar guntun tsaro na TPM 2.0, ba dole ne a cusa musu ita da dabara ba. Microsoft na sayar wa ma'aikatu ƙarin wa'adin gyaran tsaro na Windows 10 a kan dala 61 ga kowace na'ura a shekarar farko, farashin yana ninkawa duk shekara har shekara uku.

Ga ma'aikacin reshe da abin ya riga ya faru a kansa, abin da zai fi gaggauta gyara shi ne irin bayanin da zai bayar ta waya. Ya ɗauki hoton saƙon da ya fito a allo, ya faɗi lokaci da kwanan watan da kwamfutar ke nunawa, da ko wani ya iya shiga cikinta, da ko da waya take haɗe ko da wayafai. Da waɗannan jami'in zai buɗe kundin abubuwan da suka faru a sabar, inda lamba 4771 ke nuna tantancewar Kerberos da ta gaza, 4740 kuma ke nuna asusun da aka kulle da sunan na'urar da ta jawo kullewar. Idan ko ɗaya bai bayyana ba a lokacin da aka yi gwajin, to mai yiwuwa buƙatar ba ta iso sabar ba ma, kuma a hanya za a fara neman matsalar.